Likita, sanyi ne ya sa haƙoran robana ke rawa?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da sanyin nan ya kama, wasiƙu kan haƙoran roba suka yi ta shigowa, har na ce to bari dai in ba su filin wannan makon gaba ɗaya. Na ɗan rage tsawon wasu, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba, don na san mai haƙoran roba ba kasafai yake son a san yana da su ba.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ni dattijo ne shekarata 68, haƙoran roba nake sawa sama da ƙasa yau shekara 6 ke nan kuma da babu wata matsala amma duk lokacin sanyi sai na saman ya riƙa saki, ina cikin magana da mutane sai in ji ya zamo, na ƙasan kuwa rawa yake kamar ba nawa ba, bana abin ya fi na bara har na fara jin nauyin shiga mutane. Wani abokina ya ce wai sanyi ne ke sa roba ta tsuke. Gaskiya ne? In haka ne sai in riƙa ɗumama su?

AMSA: Baba barka dai, Allah ya ƙara lafiya. Tun kafin in yi nisa, don Allah kada ka ɗumama komai, za ka ga dalili a wasiƙar da ke biye.

Abokin naka yana da 'yar gaskiya, amma 'yar ƙarama ce ƙwarai. Robar da ake yin haƙoran nan da ita, akirilik, wadda aka fara amfani da ita tun wajajen 1937, tana ɗan tsukewa in ta yi sanyi kamar kowane abu. To amma nawa take tsukewar? Haƙoran da faɗinsu ya kai santimita 5, ko sanyi ya sauko da digiri 20, abin da za su ragu bai wuce kaurin silin gashi ɗaya ba, kuma da ka sa su a baki minti kaɗan sun koma ɗumin jiki, digiri 37, rani da damina da hunturu duk haka bakinka yake. Saboda haka a sallami roba, ba ta da laifi.

Mai laifin miyau ne, ko in ce rashinsa. Ka taɓa ɗora gilashi a kan gilashi da ɗan ruwa a tsakaninsu ka yi ƙoƙarin raba su? Haka na sama yake manne wa ganɗa, wani siririn miyau ne tsakanin roba da nama yake riƙe shi, babu ƙusa babu igiya. Lafiyayyen mutum yana fitar da miyau daga rabin lita zuwa lita 1 da rabi a rana, in ya ragu sai riƙon ya ragu, roba ta koma tana gugar busasshen nama, ga saki ga ciwo. Lokacin sanyi kuwa komai taruwa yake ya busar da baki. Iska a bushe, in ɗaki da hita abin ya ƙaru, ƙishi ba ya damun mutum sai ya yini bai sha ruwan kirki ba, mura ta toshe hanci ya kwana yana numfashi ta baki, sannan ya sha maganin murar, wanda yawancinsu aikinsu ke nan busar da majina, to ba sa tambaya su busar da miyau ma tare. In kuma dama kana kan maganin hawan jini irin mai sa fitsari, ko na damuwa, ko kana da ciwon suga, to abu ne a kan abu. Kada ka daina maganin da likitanka ya ɗora ka a kai saboda na faɗi haka, ka dai gaya masa bakinka na bushewa, wani lokaci akwai wanda za a canza maka.

Abin yi mai sauƙi ne. Ruwa kusa da kai, kurɓi-kurɓi duk yini, ba wai ka jira ƙishi ka shanye kofi 3 a tashi ɗaya ba. Ka jiƙa haƙoran kafin ka sa, kada ka ɗora su a bushe. Ruwan kuskure baki na kwalba mai ɗauke da alkohol ka ajiye shi, ƙara busarwa yake. Akwai man jiƙa baki da feshi da ake yi musamman saboda masu bushewar baki, suna taimakawa sosai musamman kafin zama da mutane. Taba in kana sha, ita ma tana cikin masu laifin.

Amma Baba akwai kalmar da ta tsaya min a wasiƙarka, inda ka ce bana ya fi bara. Sanyi ai kusan ɗaya ne kullum, to me ya canza? Ƙashin muƙamuƙinka ne. Tun ranar da aka cire haƙori ƙashin da yake riƙe da shi yake fara zaizayewa, da sauri a shekarar farko, daga nan a hankali har ƙarshen rayuwa. Wata likitar haƙori, Antje Tallgren, ta bi masu haƙoran roba tsawon shekara 25, ta fitar da sakamakon a 1972, ta ga na ƙasa yana zaizayewa kusan ninki 4 na na sama, shi ya sa kullum kukan a kan na ƙasa yake. Roba tana nan yadda aka zuba ta shekara 6 da suka wuce, baki kuwa ya tafi ya bar ta. Lokacin zafi miyau yana rufa asiri, sanyi na zuwa sai asirin ya tonu. Ka je wurin likitan haƙori ya duba, sau da yawa ciko kawai za a yi wa cikin haƙoran, a ƙara roba inda nama ya janye su koma su zauna daram, ba sai an yi sababbi ba. Amma in ya ce sai sababbi kada ka ga kamar yana son kuɗinka ne, tsakanin shekara 5 zuwa 10 dama yawancinsu suke kaiwa.

TAMBAYA: Salam likita. Mahaifiyata ce take ƙorafi da safe in ta ɗauko haƙoranta daga cikin ruwa sanyinsu har cikin kanta take ji, sai na fara zuba mata ruwan zafi daga fulas a kofin ina barinsu su ɗan jima, na ce ai har ƙwayoyin cuta ma za su mutu. Yanzu sati 2 ke nan ta ce ba sa zama kuma gefe ɗaya yana cin ta, wallahi duk na rasa sukuni gani nake ni na jawo. Za su koma daidai in na mayar da su ruwan sanyi?

AMSA: 'Yar uwa, Allah ya saka miki da alheri kan kula da Mama, niyyarki mai kyau ce, kuma ba ke kaɗai ba ce, duk shekara sai na ga irin wannan. Amma ba zan ɓoye miki ba, ruwan zafi yana lanƙwasa akirilik, kuma in ta lanƙwashe ta lanƙwashe ke nan, ruwan sanyi ba ya dawo da ita. Ido ba zai gani ba, za ki juya su ki ga lafiya lau, amma nama yana jin abin da ido bai gani ba, ɗan karkacewa kaɗan ya isa ya sa gefe ɗaya ya ɗage ɗayan ya nutse cikin dasashi.

Ki kai ta a duba. In karkacewar kaɗan ce ana iya goge inda yake cin ta ko a yi ciko, in ta yi yawa sai sababbi. Wata dabara kuma: ta sa su tun kwana 1 kafin ranar zuwa asibiti ko da suna ɗan damunta, don likita ya ga jan tabon da idonsa ya san daidai inda zai rage. Mutane sukan cire su sati guda, miki ya warke, su zo suna nuni da yatsa "nan ne, a'a nan ne", sai a yi ta lalube. Kada kuma wani a gida ya ɗauki wuƙa ko abin goge farce ya ce zai kankare, abin da aka cire ba ya komawa.

Maganar sanyin safe kuwa ba wuya. Su kwana a ruwa na daidai, da safe ki ɗauraye su da ruwa mai ɗumi-ɗumi, irin wanda za ki iya barin yatsanki a ciki ba tare da kin ji komai ba, shi ke nan. Kuma kada tsoron ruwa ya sa ki koma barinsu a bushe kan tebur ko kusa da hita, robar tana riƙe ɗan ruwa a jikinta, in ta bushe ƙarau nan ma tana iya canza siffa. Batun kashe ƙwayoyin cuta, buroshi mai laushi da sabulun ruwa mara ƙarfi kullum, da ƙwayar nan da ake jefawa a ruwa tana kumfa, sun wadatar. A ɗauraye sosai bayan an cire su daga ruwan ƙwayar, kuma ba a kuskure baki da shi. Man goge baki na masu haƙoran gaske kuwa a bar shi, yana da ɗan gari-gari da ke karce roba, kuma a cikin karcen nan datti ke samun wurin zama.

TAMBAYA: Likita ni mace ce shekarata 59. Gaskiya ni da nawa nake kwana, ba na iya cirewa saboda maigida, tun da aka sa min bai taɓa ganina babu su ba, ga sanyi ma mutum ba ya son taɓa ruwa da dare. To yanzu ganɗata ta yi ja sosai amma ba ta ciwo, sai gefen bakina dama da hagu da suka tsage suna ɗan jini in na buɗe baki da yawa, ina ta shafa man leɓe a banza. Sanyi ne ko wani abu ne daban?

AMSA: Hajiya na fahimce ki sarai, kuma ba zan yi miki dariya ba, na ga mata da yawa, har da maza, da wannan kunyar. Amma ki saurare ni.

Jan da kike gani daidai inda roba ke kwanciya, da alama fungas ne, wato wani nau'in ƙwayar cuta, da ake kira kandida. Yana cikin bakin mutane da yawa yana zaman lafiya, sai ya samu wuri mai ɗumi, rufaffe, wanda miyau ba ya wankewa, sai ya yaɗu, kuma ƙarƙashin haƙoran da ba a cirewa dare da rana babu wurin da ya fi masa daɗi. Rashin ciwon ne ma yake yaudarar mutane su shekara da shi. Tsagewar gefen bakin kuwa 'yar uwarsa ce. Miyau yana taruwa a lungun, iskar sanyi ta busar, ki lasa, ya ƙara bushewa ya tsage, fungas ɗin ya shiga, shi ya sa man leɓe kaɗai ba ya yi. In haƙoran sun tsufa sun cinye ma, baki yana rufuwa fiye da ƙima lungun ya ƙara zurfi. Wani lokaci kuma ƙarancin jini ko na bitamin B ko ciwon suga ne sila, don haka in an ce a gwada jininki kada ki ƙi.

Akwai maganin shafawa da kuma na sawa a baki da likita zai rubuta, kuma yana aiki, amma in an yi wa baki magani ba a yi wa haƙoran ba aikin banza ne, don fungas ɗin yana zaune a jikin robar, kina gama magani zai dawo. Dole su fita da dare, a wanke su a jiƙa, ke kuma ki goge dasashi da ganɗa da harshe da buroshi mai laushi, naman ya samu awa 6 zuwa 8 yana hutawa.

Ga abin da ya fi damuna, tunda lokacin mura da tari muke. A Japan an bi tsofaffi sama da 500 'yan shekara 85 zuwa sama, aka fitar da sakamakon a 2015, aka ga masu kwana da haƙoran roba haɗarin kamuwarsu da nimoniya, wato ciwon huhu, ya ninka na masu cirewa sau 2 da ɗoriya. Ƙwayoyin cutar da suka taru a roba ne mutum ke shaƙa zuwa huhu yana barci. Ke ba ki kai shekarunsu ba, amma hanyar ɗaya ce, kuma sabon da kika yi yanzu da shi za ki tsufa.

Maigida kuwa, Hajiya, ina kyautata zaton ya sani, ya yi shiru ne kawai don ya san ba ki so. In dai abin ya gagara, ki samu akwati mai murfi ki ajiye a gefen gadonki, ki cire bayan an kashe fitila ki mayar da asuba. In ma hakan ya yi wuya to ki nemi awannin da kike ke kaɗai da rana ki cire. Bai kai na dare ba amma ya fi babu.

TAMBAYA: Malam likita gam ɗin haƙora nake amfani da shi, da tub 1 yana min wata 2, yanzu da sanyin nan sati 1 ya ƙare saboda sai na ƙara sau 3 ko 4 a rana. Akwai illa?

AMSA: Akwai, ɗan uwa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce tub mai giram 68 ya kamata ya kai mai haƙoran sama da ƙasa sati 7 zuwa 8, kai ga shi kana gamawa a sati 1. Ɗigo 3 ko 4 ƙanana a kan haƙoran da aka wanke, sau 1 a rana, shi ne ƙa'ida, in ka danna ya tsattsafo ta gefe to ya yi yawa. Wasu nau'o'in gam ɗin suna da sinadarin zink, wanda in mutum ya daɗe yana haɗiyarsa da yawa yake hana jiki samun sinadarin jan ƙarfe da jijiyoyi ke buƙata, sai a fara jin hannu da ƙafa suna dindiris, tafiya ta fara gagara. Saboda wannan ne a 2010 kamfanin GlaxoSmithKline ya daina sa zink a gam ɗinsa na Poligrip. Ka duba jikin kwalin naka, in da zink ka koma wanda babu, in kuma ka fara jin abin da na faɗa a ƙafafu ka ga likita ka gaya masa yawan gam ɗin da kake sawa, don ba lallai ya yi tunanin tambaya ba.

Ka koma ka karanta amsar Baba ta farko, matsalarku ɗaya. Gam ma sai da danshi yake kamawa, a busasshen baki ba ya riƙo, kai kuma sai ka yi ta ƙarawa. Haƙoran da sai an cika su da gam sau 4 a rana ciko suke nema.

TAMBAYA: Likita tun da aka sa min na sama sau 2 ina ƙona maƙogwaro da shayi, ban jin zafinsa sai ya wuce. Lafiya kuwa?

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, roba ce ba ta isar da zafi da wuri. Ganɗa ita ce mai gadin da ke cewa tsaya wannan ya yi zafi, yanzu an rufe ta, kafin labari ya iso kin riga kin haɗiye. Ki riƙa gwadawa da leɓe ko kan harshe tukuna, ki bar shi ya ɗan huce. Kurɓar shayi ba ta lanƙwasa haƙora, wucewa yake yi, jiƙa su a ruwan zafi ne matsala.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Nawa ba duka ba ne, guda 4 ne masu ƙugiyar ƙarfe da ke kama sauran haƙorana. Shekaranjiya da safe hannuna ya ƙage da sanyi ina wankewa suka suɓuce suka faɗi a siminti, robar ta tsage ƙugiya 1 ta ɗan buɗe. Na liƙa da sufa gulu na matse ƙugiyar da filaya sannan na jiƙa a bilic don su yi fari, yanzu suna shiga amma haƙorin da ƙugiyar ke kamawa yana min zafi in iska ta taɓa shi kuma akwai wani miki a ƙarƙashin harshe da ya kai wata 1 bai warke ba tun kafin faɗuwar. Me zan yi?

AMSA: Kai ɗan uwa, a wasiƙa 1 ka haɗa min duk abubuwan da nake roƙon mutane su bari! Sufa gulu ba a yi shi don baki ba, kuma da wuya mutum ya haɗa tsagin daidai da hannu, in ya bushe a karkace sai mai gyara ya sha wahalar kankare shi, wani lokaci ma gyaran da zai yiwu cikin sauƙi ya gagara gaba ɗaya. Ƙugiyar da ka matse tana iya karyewa, ko ta riƙa jan haƙorin da take kamawa har ya fara girgiɗi, wataƙila zafin da kake ji ke nan, ko kuma dasashi ya janye a wurin ko rami ya fara, sai an duba. Bilic kuma yana cin ƙarfen, masu ƙugiya ba a sa su a ciki sam. Ka cire su ka ajiye a ruwa, ka kai su yadda suke. Nan gaba in za ka wanke ka shimfiɗa tawul ko ka tara ruwa a kwano a ƙasan hannunka, in sun suɓuce su faɗa kan abu mai laushi, kuma ka fara ɗumama hannun kafin ka ɗauke su.

Amma duk wannan ba shi ne gaggawa ba. Mikin nan na ƙarƙashin harshe da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, shi nake so a fara gani. Mikin da gugar roba ta jawo yana warkewa cikin kwana 10 zuwa sati 2 in an cire abin da ke gugar, ana kuskure baki da ruwan ɗumi da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Duk wanda ya wuce sati 3, yana ciwo ko ba ya ciwo, dole likita ya gan shi da idonsa. Yawancinsu ba wani abu ba ne, amma sankarar baki ma haka take farawa, kuma ƙarƙashin harshe da gefensa suna cikin wuraren da ta fi so, musamman ga mai shan taba ko giya. Kada ka jira sanyi ya wuce, ka je cikin satin nan, kuma da ka zauna a kujera ka fara nuna masa mikin kafin ka fito da haƙoran daga aljihu.